Zomo ba ya fushi da makashinsa: hakkin ɗan zomo bayan ya bar uwarsa



A 'yan shekarun nan kiwon zomo ya samu gindin zama a unguwanninmu. Wanda ya ratsa lungunan Nima da Mamobi a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ko Zangon Hausawa na Tamale, da wuya ya rasa ganin kejin katako jingine da bango da zomo biyu ko uku a ciki. Dalilin a fili yake. Gidajenmu mafi yawa na haya ne, tsakar gida ɗaya ta iyali goma ce, babu wurin ɗaure rago balle turken saniya. Zomo kuwa ba ya kuka, ba ya cin fili, ga saurin haihuwa, ga nama mai daɗi. Matasa sun riƙe shi jari, iyaye kuma suna saya wa yara domin su koyi riƙon dukiya tun suna ƙanana. Duk wannan abin yabo ne, muna kuma fatan ya ɗore.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. 'Ya'yan zomaye da yawa da ake sayarwa ko ake bayarwa kyauta ba sa cika mako biyu a sabon gida. Irin wannan magana takan iso zauren manyan unguwa a siffar ƙaramar rigima: yaro ya tara kuɗin makaranta ya sayi 'yan zomaye biyu, kwana biyar suka mutu, mahaifinsa na neman a mayar da kuɗi, mai sayarwa kuma na rantsuwa da ransu da lafiyarsu suka bar hannunsa. A yi sulhu, a raba asara, kowa ya kama gabansa. Ba a taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi hakkin na ukun ba, wato abin da ya mutu.

Ra'ayinmu a nan guda ne. Ɗan zomon da ya mutu a makon farko, galibi tun ranar da aka cire shi daga gefen uwarsa aka rubuta masa mutuwar, domin an cire shi kafin lokaci, an kuma miƙa shi ga hannun da ba a shirya ba. Saboda haka amanarsa ba ta sauka daga wuyan mai bayarwa a bakin ƙofa. Tana nan a kansa, shi da mai karɓa, har sai abin ya tsaya da ƙafarsa.

Tushen matsalar yana cikin harshenmu. Kalma ɗaya muke da ita, zomo, alhali dabbobi biyu ne mabambanta. Akwai zomon daji, wanda kakanninmu suka sani, wanda ya cika karin magana da tatsuniya: shi ne ba ya kamuwa daga zaune, shi ne kowa ya ci shi ya ci gudu, shi ne ba bawan giwa ba dawa suka tara. Wannan ana haifar ɗansa a fili cikin ciyawa, da gashinsa, idonsa buɗe, ba ya daɗewa yake iya motsawa ya ɓuya. Zomon gida kuwa baƙo ne a ƙasashenmu. Asalinsa daga Sifaniya da Fotugal ne, yankin da littattafanmu ke kira Andalus, inda kakanninsa ke haƙa ramuka su zauna jama'a-jama'a cikin duhu da sanyi. Nisan da ke tsakanin dabbobin biyu ya kai ko an haɗa su ba sa haihuwa. Mutanenmu sun ɗauki juriyar na dajin sun ɗora wa na gida, suna ganin ai zomo ne, zai yi dabara. Na keji ba shi da wata dabara sai wadda mai shi ya yi masa.

Ga yadda rayuwarsa take farawa. Zomanya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 31. Kafin ta haihu takan tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, domin 'ya'yan suna fitowa tsirara ne, makafi, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Sai wajen kwana 10 idonsu ke buɗewa. Uwar ba ta kwanciya da su kamar kyanwa ko karya. Sau ɗaya take shiga ta shayar da su a yini, wani lokaci sau biyu, na 'yan mintoci kaɗan, galibi da dare. Wannan hali ya yaudari masu kiwo da dama, su ga uwa na zaune nesa da 'ya'ya su ce ta ƙi su, su kwashe su suna ɗura musu madara, alhali da sun duba da safe da sun tarar da cikkunan a cike. Nonon zomanya ya ninka na saniya kusan sau uku wajen maiƙo da sinadarin gina jiki, shi ya sa shayarwa ɗaya ke riƙe su yini guda, shi ya sa kuma madarar gwangwani ba ta maye gurbinsa.

Wajen mako uku 'ya'yan suna fitowa daga sheƙa, su fara tsakurar abin da uwar ke ci. A nan ne tarkon yake. A wannan lokacin ɗan zomo ya fi kyan gani, gashi ya cika, ido ya yi tar, yana tsalle, yana cin ganye a gaban mai saye. Mai kiwo ya ce ai ya fara ci da kansa, mai saye ya ce wannan ƙaramin nake so. Da ido an ga yayayye, amma cikinsa bai gama ginuwa ba.

Zomo ba ya narka ciyawa da ƙarfin kansa. A mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba akwai wani buhu mai girma, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa masa ciyawa ta zama abinci. Daga wannan buhu yake fitar da wani kashi mai laushi, daban da busasshen da muke sharewa, ya sake cinye shi kai tsaye, yawanci da dare ko da asuba, ya samu abin gina jiki da bai samu ba a zagayen farko. Ɗan zomo ba a haifarsa da waɗannan halittu. Daga uwarsa yake gadonsu, har ta hanyar ɗan kashin da take bari a sheƙa, kuma sai a hankali suke kafuwa cikin makonni. Muddin yana shan nono, nonon na kare masa ciki daga miyagun ƙwayoyin cuta. Idan ya girma, tsamin tumbinsa ne ke yin wannan aiki. Tsakanin yankewar nono da kammaluwar wancan tsami akwai 'yan makonni da ƙofar cikinsa ke buɗe ba mai gadi. Wanda ya ɗauke shi yana mako uku ko huɗu ya ɗauke shi ne daidai wannan gaɓa. Ƙari a kan haka, zomo ba ya amai, duk abin da ya shiga sai ya bi hanya ya fita ko ya kashe shi.

To, mu bi shi zuwa sabon gida mu gani. An saka shi a kwali, wani lokaci a leda ko buhu, an shiga da shi trotro da tsakar rana, an ajiye shi ƙarƙashin kujera kusa da zafin inji. Ya isa gida a firgice, ba ƙanshin uwa, ba ɗumin 'yan uwa. Yara sun taru, wannan ya ɗaga, wannan ya karɓa, kowa ta kunne yake kamawa domin haka suka ga ana yi. Kunnen zomo cike yake da jijiyoyin jini, ba mariƙi ba ne. Ƙashinsa kuma marar nauyi ne ƙwarai, ƙafafunsa na baya masu ƙarfi, idan ya yi shuri yana rataye zai iya karya ƙashin bayansa da kansa. Sai a wayi gari yana jan ƙafafu a ce iska ce ta taɓa shi.

Sai abinci. A gidan da ya baro dusa da busasshiyar harawa yake ci. A nan, saboda ƙauna, an tula masa kabeji da latas da karas, an zuba masa koko, an gutsura masa burodi, wani ya kawo ragowar shinkafa. Waɗancan halittu na cikinsa, da ba su gama kafuwa ba, sun rikice. Kwana biyu ko uku sai zawo, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. Ruwa kuwa an hana shi, domin akwai wata tsohuwar magana mai yawo cewa zomo ba ya shan ruwa, ko kuma idan ya sha zai mutu. Wannan magana ba ta da tushe. Zomo na shan ruwa sosai, wanda kuma ke cin dusa da busasshen abinci ya fi kowa buƙata.

Sai zafi. Dabbar da asalinta na rami ce ba ta yin gumi kamar mutum ko doki, ta kunne take sauke zafin jiki. Da zarar zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas ta fara wahala, idan ya kai 35 yana iya kashe ta. Kowa ya san yadda ƙarƙashin rufin kwano yake a Tamale cikin watan Maris, ko a Nima cikin Fabrairu. Kejin da aka jingina inda rana ke duka daga azahar zuwa la'asar tanda ce. Da dare kuma ga ɓera da gafiya da kyanwa, ga kwarkwasa da ke iya gamawa da 'ya'yan zomo kafin asuba.

Sai magani, wanda sau da yawa shi ke ƙarasa aikin. An ga yana zawo, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso na amoksisilin ko ampisilin, a kwance a ɗura masa, domin haka ake yi wa kaza. Wannan dangin magani idan zomo ya sha ta baki yana kashe masu amfanin da ke cikinsa, ya bar miyagun su yi yawa, abin da ke iya kai shi ga mutuwa. Haka wasu magungunan ƙuma na karnuka, musamman mai sinadarin fifronil, guba ne gare shi. Wasu kuma kan shafa baƙin mai a kunnen da ƙazuwa ta kama, su manta cewa zomo da harshe yake wanka.

Akwai kuma cutar da ake ɗauko wa tare da shi. Wata ƙwayar cuta da likitocin dabbobi ke kira koksidiya tana zama a hanji da hantar zomo, babba na ɗauke da ita ba ya nuna komai, amma ƙaramin da aka yaye ya sha wahalar tafiya ita ke kayar da shi, musamman a keji mai danshi da kashi ke taruwa. Mafi muni ita ce annobar zubar jini ta zomaye, wadda ta ɓulla a yankin Ankara a 2019, ta kuma auka wa masu kiwo a Najeriya a 2020. Zomo na cikin cinsa da yamma, da safe a tarar da shi a mace, wani lokaci da jini a hanci. Ƙwayarta na daɗewa a jikin keji da tufafi da kwanon abinci. Ɗan zomo guda da aka karɓo aka jefa cikin na gida ba tare da keɓewa ba yana iya share kiwon shekaru. Ashe maganar ta wuce tausayi kaɗai, ta shafi dukiyar maƙwabta.

Mun san za a ce: mutane na fama da kuɗin haya da na asibiti, ku kuna ɓata tawada kan zomo. Amsarmu ita ce, waɗanda suka fi mu sanin darajar ɗan Adam ba su raina wannan babi ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Keji ma kulle ne, kuma duk wanda ya rufe ƙofarsa ya ɗauki ci da sha da inuwar abin da ke ciki ya ɗora a wuyansa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibnu Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da su. A fiƙihunmu, Mukhtasar na Shehu Khalil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya gaza a tilasta masa rabuwa da ita. Ko da yake abin da ya shahara a mazhaba shi ne halaccin sayar da ɗan dabba daban da uwarsa, an ruwaito daga Ibnul Ƙasim, babban almajirin Imamu Malik, cewa kada a raba su sai ɗan ya wadatu da kiwo daga barin uwar. Dubi wannan ma'auni, wadatuwa da kiwo. Shi ne daidai abin da likitan dabbobi ke faɗa a yau da nasa harshen.

Za a kuma ce: ai zomo na ci ne, ƙarshensa tukunya. Haka ne, ba mu musu. Namansa halal ne a mazhabobin nan huɗu, kuma hadisin Anas sananne ne, na zomon da suka kama Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzon Allah da wani sashe ya karɓa. Ba kira muke yi a mayar da zomo ɗan gida mai kwana a gado ba, kamar yadda wasu ke yi a Turai. Amma hadisi na 17 cikin Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa, ya wajabta kyautatawa har a wajen yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Idan an nemi a tausaya masa a minti na ƙarshe, yaya watannin da suka gabata? Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wuƙa mai kaifi ta ɗan lokaci ce, da sunan Allah a kanta, kuma iyali sun amfana. Mutuwar kwana uku da kumburin ciki a cikin kwali mushe ce, ba ta amfani kowa ba, an yi asarar rai, an yi asarar kuɗi.

Masu kiwon da suka yi karatu za su ce manyan gonaki na yaye zomaye a mako huɗu ko biyar. Gaskiya ne. Amma a can uwa ake ɗaukewa ko a mayar da 'ya'yan keji na kusa, suna tare da 'yan uwansu, abincin bai sauya ba, ruwa na nan, ma'aikacin da ya san alamun ciwo na zagayawa. Duk da haka makonnin bayan yaye su ne lokacin da gonakin suka fi yin asara. Yaye abu ne guda, sauya gida wani abu ne daban, haɗa su a rana ɗaya shi ne ɗora kaya biyu kan wanda ɗaya ma da ƙyar yake ɗauka. Ba banza ba dokar Ingila ta 2018 kan masu lasisin sayar da dabbobin gida ta hana sayar da zomon da bai kai mako takwas ba.

Wani kuma zai ce: kyauta idan ta fita hannu ta fita, ciniki idan an rabu ya ƙare. Ta fuskar mallaka haka ne. Amma wanda ya san ɗan zomo bai isa rabuwa da nono ba, ya sayar da shi a matsayin yayayye, ya ɓoye aibi, kuma hukuncin algus a ciniki ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda kuma ya ba yaro ɗan shekara takwas abu mai rai, bai faɗa masa ko kalma ɗaya kan yadda ake riƙe shi ba, kyautarsa ba ta cika ba. A nan akwai wata asarar da ba a lissafawa, ta tarbiyya. Yaron da zomonsa ya mutu aka ce masa ba komai za a sayo wani, ya mutu aka sake sayowa, ya koyi cewa rai kaya ne da ake musanyawa kamar batirin tocila. An sayo zomon ne domin ya koyi riƙon amana, sai ya tashi da akasin haka.

Abin mamaki shi ne al'adarmu ta riga ta san yadda ake sauya wa mai rauni wuri. Ba a yaye yaro sai ya kusa shekara biyu, kuma idan za a yaye shi gidan kaka ake kai shi, hannun da ya sani, da kunun da ya saba. Amarya ba a tura ta ita kaɗai, da 'yan rakiya take tafiya da gararta, bayan kwanaki dangi su leƙo su ga yadda ta kwana. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano suna tafiyar watanni da huhu, suna kwancewa a hanya, su tsince wanda ya lalace, su yayyafa ruwa, su sauya ganye, domin sun san abin da aka ɗauko daga inuwa ba a barinsa ga rana. Mutanen da suka iya tattalin goro haka ba za su kasa tattalin ɗan zomo ba.

Ƙasar nan ma tana da abin koyi. A 1972, zamanin Kanar Acheampong da shirinsa na kowa ya ciyar da kansa, aka kafa Shirin Zomaye na Ƙasa a Kwabenya, kusa da Ankara, ƙarƙashin Newlove Mamattah. An tallata kiwon a rediyo da allunan hanya, amma mai son iri sai ya fara samun horo kafin a ba shi. Haka ƙungiyar Heifer ta yi a yankin Bamenda na Kamaru: a koya wa manomi, ya tanadi wuri, a ba shi, shi ma idan sun haihu ya miƙa wa wani. Ilimi ne ke gaba, dabba na biye. A zangunanmu yau dabbar ce ke isowa, ilimin kuwa sai bayan an binne ta.

Saboda haka muna kira ga masu kiwo, da iyaye, da malaman makarantunmu, da shugabannin matasa, a kafa wasu ƙa'idoji su zama al'ada, yadda wanda ya saɓa musu zai ji kunya ko ba a kai shi gaban kowa ba.

Ga mai bayarwa: kada ɗan zomo ya bar gidan haihuwarsa sai ya cika mako takwas, kuma ya yi aƙalla mako guda ko biyu da yankewa daga nono yana ci yana sha lafiya. A rubuta ranar haihuwa a jikin keji, ko da gawayi ne, domin ido na yaudara. A tambayi mai karɓa ina zai ajiye shi, in bai tanadi wuri ba a ce ya je ya dawo. A haɗa shi da gararsa, wato abincin da ya saba na mako guda, da ɗan ciyawar shimfiɗarsa mai ƙanshin gida. In da hali a bayar da biyu tare, domin zomo ɗan jama'a ne, amma a faɗa wa mai karɓa ya raba mace da namiji wajen wata uku, kada kuma ya haɗa wa da ƙanwa su haihu. A yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar, a kwali mai ramukan iska. Bayan kwana uku a kira waya, bayan mako a leƙa. A kuma bar ƙofa buɗe: in riƙon ya gagara a dawo da shi, ba gori, ba fushi.

Ga mai karɓa: kwana biyun farko a ƙyale shi ya huta, a hana yara ɗauka. Keji ya kasance a inuwa mai iska, sama da ƙasa, ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ɗan mai saboda kwarkwasa, ƙasansa a bushe. Ruwa mai tsabta kada ya yanke dare da rana. Busasshiyar ciyawa da harawar gyaɗa ko ta wake su ne ginshiƙin abincinsa, domin su ke motsa hanji, su kuma rage haƙoran da ba sa daina tsiro. Ɗanyen ganye, kamar na dankali ko zogale, a bar shi ya sha iska ya yi laushi, a fara da kaɗan, iri ɗaya a lokaci guda, duk wani sauyi a yi shi cikin kwana bakwai zuwa goma. Kada a yanko ciyawa a bakin kwata ko inda aka yi feshi. In za a ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, a jingina shi da jiki. In akwai wasu zomaye a gida, a keɓe baƙon aƙalla mako biyu. Kuma a sani zomo abin farauta ne, ɗabi'arsa ɓoye ciwo. Wanda ya takure a lungu, yana cizon haƙora, ko gindinsa ya ɓaci, ko ya wuni bai ci ba bai yi kashi ba, ba a jira gobe da shi. A nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na gunduma. In kuma suka fara mutuwa farat ɗaya a jere, a sanar da ofishin, a daina sayarwa, a daina bayarwa.

Ga iyaye kuma kalma ɗaya: yaro ba mukallafi ba ne. Zomon da aka ce na yaro ne, a wurin Allah na babban da ya yarda aka shigo da shi gidan ne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da ake nema shi ne haƙurin mako huɗu daga mai kiwo, da tambaya kafin karɓa daga mai saye. Mai kiwon da ya yi haka ma shi ke da riba, domin wanda zomayensa ke rayuwa a hannun jama'a shi za a riƙa nema, wanda kuma nasa ke mutuwa unguwa ba ta daɗewa take gane shi.

Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan babi ko sau ɗaya a karatun bayan magariba, masu kiwon da suka ƙware kuma su riƙa zama da masu farawa. Allah ya sa mu cikin masu jinƙan abin da ke ƙarƙashin hannunsu, ya sanya albarka a kiwonmu da zuriyarmu.